Tambayoyi da Amsoshi kan Rainon Yara da Lafiyarsu, daga Haihuwa zuwa Shekara Biyar

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye mata, kakanni da masu raino suka fi yi a wuraren awon yara a Jos da kewayenta. Mun amsa su da adadi da ma'auni duk inda ya kamata. Amsoshin ba za su maye gurbin ganin ma'aikacin lafiya ba, amma za su taimaka a gane abin da za a iya yi a gida da kuma lokacin da ya zama dole a ɗauki yaro a tafi asibiti.

Surukata ta ce nono kaɗai ba ya kashe wa jariri ƙishi. In riƙa ba shi ruwa?

A'a, har sai ya cika wata 6. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, don haka ko a zafin watan Maris nono ya wadatar. Cikin jariri ƙarami ne. Duk cokalin ruwan da ya sha ya tare wurin nono, tsotsonsa ya ragu, nonon ma ya ragu, domin yawan tsotso ne ke kawo yawan nono. Ga kuma ƙwayoyin cutar gudawa da ke biyo ruwan rijiya da na jarka.

A sa shi a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa, ba gurɓataccen nono ba ne da za a matse a zubar. Shi ne rigakafinsa na farko. Ki shayar da shi aƙalla sau 8 a dare da rana, ki bari ya ƙare mama ɗaya kafin ki juya shi, saboda nonon ƙarshe ne mai maiƙo. In yana jiƙa ƙyallensa sau 6 ko fiye a yini, nauyinsa kuma yana hawa a katin awo, to yana ƙoshi. Idan kan mama yana tsagewa, yawanci kamun ne bai yi ba. Kamu mai kyau shi ne bakinsa ya buɗe sosai, haɓarsa ta taɓa maman, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan.

Me zan shafa wa cibi?

Man cibi na Chlorhexidine mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, wanda gwamnati ta amince da shi. Ki wanke hannu da sabulu, ki shafa a kan cibin da gindinsa sau ɗaya a rana tun daga ranar haihuwa, ki bar shi a buɗe, ƙyalle ya tsaya ƙasa da shi. A kula ƙwarai: ba maganin ido ba ne, in ya shiga ido yana iya makantarwa. Man goge baki, toka, gishiri da gashi da tsumma mai zafi duk hanyoyi ne da ƙwayar cuta ke shiga jini. Cibi kan faɗi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. In gindinsa ya yi ja, yana wari ko fitar da mugunya, a je asibiti a ranar.

Idon jaririna ya yi ɗorawa. An ce in shanya shi a hantsi in ba shi ruwan gulukos.

Wannan ciwon shawara ne, kuma shanya da gulukos ba sa maganinta, sai dai su cinye lokacin da ya kamata a ce ana asibiti. A duba jariri a hasken rana kullum cikin makon farko: a danna goshinsa ko hancinsa da yatsa a ga ko fatar ta yi ɗorawa. In ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko har ciki, tafin hannu da tafin ƙafa, ko ya daina kama nono, yana kuka mai ƙara yana banƙarewa, abin gaggawa ne. Sinadarin da ke kawo launin yana iya hawa ƙwaƙwalwa ya bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har abada. Maganin asibiti shi ne a kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila ta musamman, in ta yi tsanani a sauya masa jini.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba: kafur ɗin da ake sa wa cikin akwatin kayan jarirai, da hoda da man shafawa masu mantoleta, suna fasa jinin yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, kuma irin waɗannan yara suna da yawa a ƙasar nan, musamman maza. Kayan da suka kwana da kafur a wanke su sosai kafin a sa wa jariri.

Yaya zan kare shi daga sanyin Jos?

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu yana iya kashe jariri, balle bakwaini. Kada a yi masa wanka sai ya cika aƙalla sa'a 24 da haihuwa. Bayan nan ma a yi wankan da hantsi, cikin ɗaki, a gaggauta, a goge shi a sa masa hula da safa. Jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, a ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata, daga shi sai ƙyalle da hula, a lulluɓe su tare. Uba ko kaka ma za su iya karɓar uwar ta huta.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki shi ne babban haɗari. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, sai dai a wayi gari a tarar da mutane a sume. A ɗuma ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Haka janareta, kada a tayar da shi a soro ko kusa da taga.

Waɗanne alluran rigakafi ne, kuma yaushe?

Da haihuwa: allurar BCG ta tarin fuka, ta ciwon hanta nau'in B, da ɗigon shan inna. A mako 6, mako 10 da mako 14: allurar Penta mai kare cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa, da allurar ciwon haƙarƙari, da ɗigon shan inna, da ɗigon Rota na gudawa, wanda aka shigar cikin jadawalin ƙasa a 2022. A cikin waɗannan makonni ne kuma ake yin allurar shan inna. A wata 6 ana fara ba da sinadarin bitamin A, sannan duk bayan wata 6. A wata 9: ƙyanda, zazzaɓin shawara da sanƙarau. A wata 15: ƙyanda karo na biyu, kuma wannan ce aka fi mantawa da ita, saboda yaro ya fara tafiya, uwa ta daina zuwa awo.

In an tsallake wata allura ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Mura ko ɗan zazzaɓi ba sa hana yin allura. Zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan Penta ba abin tsoro ba ne, haka ƙurjin da ke fitowa a wurin BCG bayan makonni. Kada a matse shi, kada a shafa masa komai. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Najeriya a 2020, amma masu bi gida-gida suna ci gaba da ɗigo domin akwai wani nau'in da ke yawo a inda yara ba su samu rigakafi ba.

Ya cika wata shida. Me zan fara ba shi, kuma nawa?

Babban kuskuren da ake yi shi ne tsinkakken koko. Yana cika ciki, amma kusan duk ruwa ne. Kunun yaro ya yi kaurin da in aka karkata cokali ba zai zube ba. Kuma a ba shi da cokali da kofi, a bar fida, wadda wanke ta da kyau ke da wuya.

Daga wata 6 zuwa 8, sau 2 ko 3 a rana: a fara da babban cokali 2 zuwa 3, a riƙa ƙarawa har rabin kofi mai cin mililita 250. Daga wata 9 zuwa 11, sau 3 ko 4, rabin kofi, da abin da zai iya riƙewa da hannunsa kamar ayaba ko dafaffen dankali. Daga shekara 1 zuwa 2, abincin gida sau 3 ko 4, kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa kofi cikakke, da ɗan abin taɓawa tsakani. Nono yana nan har shekara 2.

Garin kunu mai gina jiki ba shi da wuyar haɗawa: gwangwani 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko acca, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A jiƙa waken suyan a cire ɓawonsa, a shanya, a soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, sannan a haɗa a niƙa. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar, gubarta tana lalata hanta. A ajiye garin a mazubi mai murfi. In an dama, a ƙara ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, da garin busasshen kifi.

Mutumin Jos ba shi da uzuri kan ganye da kayan lambu. Kasuwar Farin Gada cike take da karas, kabeji, alayyahu da koren wake. Gwate, in an rage masa yaji aka dame shi ya yi laushi, abinci ne mai kyau ga ɗan wata 9. Ƙwai kuwa, zancen cewa yana sa yaro sata ko yana hana shi magana ba shi da tushe. Dafaffen ƙwai ɗaya a rana ya fi biskit da lemon roba na kuɗi ɗaya nesa ba kusa ba. Zuma sai bayan shekara 1. A zuba wa yaro nasa a kwanonsa, domin in an haɗa shi da yayyensa ba za a san abin da ya ci ba.

Ta yaya zan gane tamowa tun ba ta yi nisa ba?

Da katin awo da kuma ma'aunin dantse, mai launin ja, ɗorawa da kore. In layin nauyi ya kwanta wata biyu a jere, ko ya yi ƙasa, akwai matsala. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, a auna tsakiyar dantsen hagu: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ɗorawa ne. Daga nan zuwa sama kore. Sannan a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In wurin ya lotsa a duka biyun, kumburin tamowa ne ba ƙiba ba, a kai shi asibiti ko da dantsen ya nuna kore. Abincin tamowa na leda da ake bayarwa magani ne na wannan yaron shi kaɗai. In aka raba wa sauran yaran gida, shi ba zai warke ba.

Ƙafafun ɗiyata sun lanƙwashe kamar baka. Gado ne?

Ɗan lanƙwasa kafin shekara 2 ba komai ba ne, yakan miƙe da kansa. Amma in yana ƙaruwa, ko ƙafar ta yi gwame sosai, wuyan hannu ya yi kauri, tana jin ciwo in ta yi tafiya, to ƙashi ne ya yi laushi. An saba danganta wannan da rashin hasken rana, amma binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa a nan ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili, kuma yaran da aka ba kalsiyam sun warke. Abincin da ya dogara da masara zalla shi ke jawo haka. Madara, nono da kindirmo da aka tafasa madararsu, da ƙananan kifi da aka daka da ƙayarsu, su ne rigakafin. In an fara magani da wuri, ƙafa kan miƙe ba tare da tiyata ba.

Yana gudawa, amma an ce haƙori ne.

Haƙori yana kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ya kawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe da kai komai baki. Kalmar "haƙori ne" ta sa an yi jinkiri da yara da yawa. Magungunan haƙori na kwalba kuwa ba su da wani amfani, kuma a 2008 wani mai suna My Pikin da aka gurɓata da sinadari mai guba ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya. Kafin nan, a 1990, yara 47 sun rasu a asibitin koyarwa na Jos bayan shan ruwan farasitamol mai irin wannan guba. A duba lambar NAFDAC, a guji maganin da aka ɗura a kwalba marar suna.

Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na leda, kamar yadda aka rubuta a jikin ledar. In ta lita 1 ce, ledar fiya wata biyu masu cin rabin lita ke nan. Bayan kowace gudawa, ɗan ƙasa da shekara 2 ya sha rubu'in kofi zuwa rabi, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa ɗaya, da cokali, sannu a hankali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya rage bayan sa'a 24 a zubar. In babu ORS, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa; gishirin kada ya wuce haka. A haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata 6, ko da gudawar ta tsaya a kwana na biyu. Ba a dakatar da nono ko abinci. Jini a kashi, faɗawar ido ko maɗiga, kasa sha, ko yawan barci, a tafi asibiti.

Duk zazzaɓi na cizon sauro ne?

A'a. A yi gwajin jini na yatsa kafin a sha maganin maleriya. Minti 15 zuwa 20 ne. In gwajin ya nuna akwai, a shanye maganin na kwana 3 cif. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in jikinsa ya yi zafi, ba a yi masa magani a gida ko a kemis. Farasitamol da nauyi ake auna shi, miligiram 15 ga kowane kilo: yaro mai kilo 8 zai sha mililita 5 na ruwan da aka rubuta miligiram 120 cikin mililita 5, kuma kada ya wuce sau 4 a yini. Sanyin Jos bai hana sauro ba, a kwana cikin gidan sauro. Da damina ana bi gida-gida da maganin rigakafin maleriya na wata-wata ga yara 'yan wata 3 zuwa 59; ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa, kuma a nan ake yawan sakaci.

In zazzaɓi ya kawo jijjiga, a kwantar da yaro a gefensa, a sassauta masa tufafi. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa manja ko jiƙo, kada a kara ƙafarsa a wuta. Ba ya haɗiye harshensa; abin da aka ɗura masa ne ke shiga huhu. Da ta lafa a kai shi asibiti, in kuwa ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, a tafi da shi a haka.

Yaushe tari ke zama abin tsoro?

A ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Sau 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata 2, sau 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon haƙarƙari ce. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki yayin jan numfashi, ya yi tsanani. Hayaƙin itace yana ƙara wannan ciwo, don haka a rage goya yaro a bakin murhu.

Wanzami ya ce a cire masa belu.

Belu halitta ce, kowa da shi aka haife shi, kuma ba shi ke hana tsotso ko kawo amai ba. Cire shi na jawo zubar jini, shigar ƙwayar cuta, da ƙin kama nono saboda ciwo. A yi askin suna da sabuwar reza, a bar maƙogwaro. Kwalli ma a bar sa wa jarirai, domin yawancinsa na ɗauke da dalma, wadda ke daƙushe ƙwaƙwalwa.

Ɗan maƙwabciyata ya fara tafiya, nawa bai fara ba.

Tazarar tana da faɗi. Yara masu lafiya suna zama da kansu tsakanin wata 4 da 9, suna tafiya tsakanin wata 8 da 18. Wani ma ba ya rarrafe sam, sai dai ya ja gindi ya miƙe. Abin da ya kamata a kai wa likita: bai yi murmushi ba a wata 3, wuyansa bai tsaya ba a wata 4, bai zauna ba a wata 9, ba ya waiwayo in an kira sunansa ko nuna abu da yatsa a shekara 1, bai yi tafiya ko furta kalma ko ɗaya ba a wata 18, bai haɗa kalma biyu ba a shekara 2. Wanda ya iya abu sannan ya daina, a kowane wata yake, a duba shi. Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri a fara da gwada jinsa, musamman in ya yi shawara yana jariri, ko sanƙarau, ko kunnensa na zubar da mugunya. Kumburin yatsun hannu da ƙafa mai ciwo daga wajen wata 6 kuwa, a yi gwajin sikila.

A gidanmu ana Hausa, ana Berom, makaranta kuma Turanci. Ba zai rikice ba?

Ba zai rikice ba. Zai riƙa gauraya su da farko, daga baya ya tantance. Kowa ya yi masa harshen da ya fi iyawa.

Wane irin wasa ne ke buɗe ƙwaƙwalwa? Ina ba shi waya ya yi shiru.

Ƙwaƙwalwar yaro da amsa take ginuwa: ya yi gwalantu ki mayar masa, ya nuna akuya ki ce "akuya ce, ga ta tana cin dusa". Waya ba ta amsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a rana.

Ba sai an sayi kayan wasa ba. Jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kifa shi a tabarma yana farke, jimillar minti 30 a yini, wuyansa da bayansa su yi ƙarfi. Goyo yini guda ba ya ba shi wannan dama. Ɗan wata 9, kwanoni da ludayi da wasan ɓuya da mayafi. Ɗan shekara 2, ya jera marafan roba manya, ya zuba ya kwashe, ya taya ki tsintar wake kina kallonsa. Daga shekara 3, tatsuniya, kacici-kacici, waƙoƙin gaɗa, ƙirga tumatir a faifai, zane da gawayi. Malam, kai ma da kai ake: minti goma da ka zauna kana hira da shi bayan sallar magariba ba ƙaramin abu ba ne. Duka da tsawa kuwa ba sa koya wa ɗan shekara 2 komai sai tsoro. A ɗauke shi daga wurin, a nuna masa abin da ake so ya yi. Jariri kuma ba a girgiza shi don ya yi shiru, jijiyoyin kansa na iya fashewa.

Waɗanne haɗurra ne suka fi samun yara a gida?

Ƙuna, da shan kananzir, da faɗawa ruwa. Ƙuna a zuba mata ruwan sanyi na minti 20, ban da ƙwai, man goge baki ko bakin mai. Kananzir da aka zuba a gorar lemo yaro lemo yake gani. In ya sha kada a sa shi amai kuma kada a ba shi manja, domin amai ne ke kai shi huhu, a kai shi asibiti kawai. Bokiti mai ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe, a kife shi ko a rufe, rijiya kuma a yi mata murfi da kwaɗo. Mazauna Rayfield, Bukuru da hanyar Barikin Ladi su ƙara lura da tsofaffin kududdufan haƙar kuza: bakinsu yana zaftarewa, zurfinsu kuma farat ɗaya yake farawa, don haka ba wurin da za a aiki yaya da ƙaninsa a baya ba ne.